Daga Bakin Kanti: Jaka Ɗari Tara da Suka Kusa Raba Ni da Ɗan Yayana

Bayan rubutun makon jiya a kan kuɗin mota, wani ɗan uwa mai sayar da kayan masarufi a Kumasi ya aiko min da saƙo. Tambayarsa ita ce wace manhaja zai saka a waya ta riƙe masa lissafi, don kuɗi na shiga kantinsa kullum amma ba ya ganin inda suke kwana. Na ɗauki waya zan ba shi amsa a taƙaice, sai na fasa. Ɗan uwa, ka yi haƙuri ka ji labari tukuna. Labari ne da na daɗe ina kauce wa bayarwa a wannan fili, saboda ni ne mai laifi a cikinsa.

Ni haifaffen Didawure ne, tsohuwar unguwar Musulmi da ke tsakiyar Sokode. Tun kafin Jamusawa su shigo ƙasar nan, ayarin fatake da ke tasowa daga ƙasar Hausa su biyo ta Zugu su nufi Salaga sayen goro yakan ya da zango a wannan yanki, kuma da yawanmu jikokin waɗanda suka sauke kaya ne ba su ƙara ɗauka ba. Lissafin mutanen nan a ka yake, sai kuma bakin shaidu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ɗan ƙara gaba: yana da littafin da yake rubuta bashi da ajami. Da ya rasu, mu huɗu muka zauna a kan littafin nan kwana uku. Mun gane sunaye, mun gane kuɗi, amma mun kasa gane wanda ya biya da wanda bai biya ba, domin shi in an biya shi ba ya soke layi, a ransa yake sokewa. Wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. Wanda bai kawo ba, ba mu da bakin tambayarsa.

Ni kuma da zamanina ya zo sai na ga ai na waye. Ina da kaye, wato littafin rubutun nan na 'yan makaranta, ina da bik a bayan kunne, ina soke layi in an biya. Shekara kusan talatin a haka nake. Shinkafa nake sarawa, da sukari, man girki, taliya, tumatirin gwangwani da sabulu. Kayan daga Lome suke tasowa, kilomita wajen 340 kudu da mu. Mota ta sauke wani kaso a kantina na Sokode, ta wuce da saura zuwa kanti na biyu a Dapaong, can arewa, tafiyar kusan kilomita 300 a kan babbar hanyar da ta miƙe zuwa Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso. Mai riƙe da kantin Dapaong ɗan marigayi yayana ne. Yana ɗan shekara tara na ɗauke shi, a ɗakin uwargidana ya girma tare da 'ya'yana.

A watan azumi nake fitar da zakka, kamar yadda na tarar mahaifina yana yi. Azumi huɗu da suka wuce na zauna bayan asham na buɗe kaye. Na haɗa kuɗin kayan da na tura Dapaong, na cire abin da yaron ya turo min, na cire kayan da ya ce suna nan a ajiye, na cire bashin da ya ce yana bin mutane. Sai ga giɓin jaka 900. Ga waɗanda ba a ƙasar sefa suke ba, jaka ɗaya sefa dubu ce, wato sefa 900,000 ke nan. Na maimaita lissafin sau uku a daren nan, bai motsa ba.

Washegari da hantsi, da azumi a bakina, na kira shi. Ban tambaye shi ba, hukunci na yanke. Na faɗa masa maganar da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai: na ce marayan da na rena da hannuna shi ne ya zame min ɓera a rumbu. Ya yi shiru har na zaci rezo ne ya yanke. Can ya ce, "Baffa, Allah ya sani." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Magana ba ta ɓuya a gida irin namu. Mahaifiyarsa tana sashenta a cikin gidanmu na gado. Kwana biyu tsakani, buhun shinkafar da nake aika mata duk azumi ya dawo ƙofar ɗakina, ko zaren bakinsa ba a kwance ba. Na riga na shirya tafiya in je in karɓe mabuɗi. Uwargida ce ta tare ni, ta ce, "Alhaji, kafin ka karɓe mabuɗi ka bari yarinyar nan ta zo ta duba. Ai don irin wannan kake biya mata makaranta."

Yarinyar ita ce 'yata ta biyu, lokacin tana karatun lissafin kuɗi a Jami'ar Kara. Da ta zo ba ta tambaye ni wa nake zargi ba. Abu huɗu ta nema: kayena, wayata, takardun da direba ke kawowa, da hoton kowane shafi na kayen ɗan uwanta, wanda ya turo mata ta WhatsApp. Ta aro wata tsohuwar kwamfuta ta buɗe abin da ake kira Excel. Wanda bai taɓa gani ba, shafi ne mai gida-gida kamar ramukan dara. Kowace hulɗa tana cin layi ɗaya: rana, gari, irin kaya, adadi, kuɗi, wanda ya karɓa, da hanyar da kuɗin suka bi, hannu ko waya. In ka gama zubawa sai ka ce ta tara maka na gari kaza ko na mutum kaza, nan take ta tara. Kwana tara yarinyar ta yi tana zuba mata lambobi, tana kiran direba, tana kiran Dapaong. Ran na goma ta juyo da fuskar kwamfutar wajena, ta ɗora yatsa a wani wuri, ta ce, "Baba, ka duba waɗannan layukan da kanka." Ta tashi ta fita ta bar ni da su.

Ga abin da na gani. Mota ta bar Sokode da buhu 100 na Dapaong, ni kuma na rubuta 100 a wuyan yaron. Tana kan hanya sai wani abokin ciniki a Kante ko Mango ya kira ni, ya ce, "Alhaji, na ji motarka ta wuce Kara, a taimaka a sauke min biyar." In kira direba, direba ya sauke. Yaron ya karɓi 95, ya rubuta 95 a nasa kayen, gaskiyarsa ke nan. Ni kuwa ban taɓa komawa na gyara ɗarin nan ba. Wasu daga cikin mutanen sun biya ni daga baya na zuba a cinikin Sokode, wasu ba su biya ba ni ma na manta. Wannan kaɗai ya ci jaka 410.

Na biyu ya fi ban kunya. Lambar wayar da yaron ke turo kuɗin ciniki ita ce lambar da nake hidimar gida da ita. Ya turo jaka 200 da la'asar, da magariba an zo da maganar suna, gobe kuɗin makaranta, jibi gaisuwar mutuwa a Bafilo, gata maganin tsohuwa. Daga cikin wayar nake turawa, kuma abin da na je na cire a hannu na kawo kanti shi kaɗai nake rubutawa. Jaka 300 ta nan suka bi. Duk saƙonnin suna nan cikin wayata, kowanne da ranarsa da sa'arsa da lambarsa ta shaida. Shekara guda ina yawo da hujjar wanke yaron a aljihuna ban sani ba.

Sai ƙananan abubuwan da ba wanda ke ganin sun isa a rubuta: ladan cire kuɗi a wurin mai kiyos, 'yan dako, facin taya, jarkar mai da ta fashe, buhun sukarin da ruwan sama ya taɓa. Suka taru suka zama jaka 85. Shi ma yaron da nasa, don in ɓera da sata daddawa ma da wari: ya ba abokansa bashin jaka 70 bai rubuta ba, bai faɗa min ba. Saura jaka 35, waɗannan har yau ba wanda ya gano inda suka shiga.

Bayan salla da kwana uku na hau mota. Muka ratsa dutsen Alejo, muka wuce Bafilo, Kara, Kante, Mango, ina kallon wuraren da na riƙa sauke kayana da bakina. A Dapaong na kira maƙwabcin kantinsa, dattijon da na san labarin ya kai kunnensa, na roƙi yaron gafara a gabansa. Ya ce, "Ba komai Baffa, ya wuce." Zan dawo kan wannan.

To ɗan uwana na Kumasi, ka ga abin da ya sa ban yi saurin ambata maka sunan manhaja ba. Kaye biyu muke da su, kowanne yana faɗin gaskiyar mai shi, amma ba sa ganin juna. Abin da na'ura ta yi mana shi ne ta mai da su littafi ɗaya da ake rubutawa daga gari biyu a rana ɗaya. 'Yata ta ɗauke lissafin daga kwamfutar aro ta mai da shi Google Sheets, wanda ke buɗuwa a waya kuma ba a biyan ko dala. In yaron ya rubuta a Dapaong ina gani a Sokode. In babu rezo yana iya rubutawa, da zarar ya dawo sai abin ya hau. Kuma shafin yana ajiye tarihin wanda ya taɓa shi da lokacin da ya taɓa, don haka ba mai goge lamba a ɓoye, ko ni mai kanti.

Amma shafi ba ya cika kansa. Dokokin da muka ɗora wa kanmu su ne suka yi aikin, kuma mafi yawansu a kaina suka faɗa. Muka buɗe zaure a WhatsApp mu huɗu: ni, yaron, 'yata da direba. Aka ce daga yau ba a sauke ko kwali ɗaya a hanya sai an rubuta a zauren nan, da sunan mai karɓa da adadi. Mota na tashi direba ya ɗauki hoton takardar kaya ya saka, tana isa yaron ya ƙirga ya saka nasa. Ba a yi wata guda ba na manta, na kira direba na ce ya sauke uku a Mango. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana min aiki ya ce, "Alhaji, ka faɗa a zaure tukuna." Raina ya ɓaci na ɗan lokaci, sannan na yi dariya na danna na faɗa. Ni ba gwanin buga rubutu a waya ba ne, idona ma sai da tabarau, don haka da murya nake aikawa, yaron kantina ya shigar da yamma.

Muka sayi layin waya daban na kanti. A nan Togo hanya biyu ce ta tura kuɗi da kowa ya sani, Flooz na Moov da kuma T-Money, wanda aka sauya wa suna zuwa Mixx by Yas a ƙarshen 2024 amma bakin kasuwa bai daina kiransa da tsohon suna ba. Layin kanti ba ya biyan kuɗin suna, ba ya sayen magani. Ni kuma aka yanka min albashi, ina ɗauka ran ɗaya ga wata. Abokaina na majalisa sun sha dariya, wai mai kanti ya zama ma'aikaci a kantinsa. Su yi ta yi. Uwargida ce ta fi kowa jin daɗin abin, don yanzu ta san abin da ke zuwa hannunta da ranar da zai zo, ta daina jiran yanayin fuskata. Ko buhun shinkafa aka kai gida sai ya ci layinsa, an rubuta gida a gurbin sunan mai saye.

Akwai tarko ɗaya da ya shafi mu 'yan ƙasar sefa, kuma ban taɓa jin masu koyar da kwamfuta sun ambace shi ba. Bakinmu da dala yake ƙirge, na'ura kuwa da sefa. Dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, dala ɗari biyu jaka guda. A makon farko yaron kantina yana karantowa 'yata na bugawa, ya ce dala ɗari biyar, ta buga 500, alhali 2,500 ne. Da yamma lissafi ya ƙi haɗuwa da kuɗin akwati, muka kusa sake buɗe sabon zargi. Tun daga ranar muka ce a cikin shafi babu dala babu jaka, sefa zalla da sifilinta cikakku. Ga masu sayayya da kuɗi biyu, kamar yaron in ya hau Sinkase inda sidi da sefa ke cakuɗe, sai a ƙara gida ɗaya na canjin ranar. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta rawa, amma wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022 da yadda naira ta bi sahu daga tsakiyar 2023 ya san farashin da aka rubuta babu canjin ranar bai faɗi komai ba.

Shafin da ya fi tayar min da hankali shi ne na bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma irin cinikinmu ba ya tafiya sai da shi. Amma ban taɓa ganin nawa a dunƙule ba sai ranar da na'ura ta tara shi a gida ɗaya: kusan kashi ɗaya cikin uku na jarina yana hannun mutane. Ga kuma mata uku masu suna iri ɗaya da na haɗe a shafi guda cikin kaye, ina ɗora wa wannan bashin waccan. Yanzu da lambar waya muke rarrabe mutane, kuma 'yata ta saita shafin ta yadda duk bashin da ya wuce kwana talatin zai koma ja.

A nan ne muka saɓa da ita. Ta so ta haɗa wata dabara da za ta riƙa aika wa kowa saƙon tuni da kanta in lokaci ya wuce. Na ce a'a. Akwai tsofaffin mata da ke zuwa daga ƙauyukan Kotokoli waɗanda tun zamanin mahaifina suke ɗaukar kaya, su biya bayan kaka. In waya ta yi musu tuni, sun ɗauka na zubar musu da mutunci, kuma da gaskiyarsu. Jan launi ni yake wa magana. In na gani sai in je gaisuwa, in zauna in sha ruwa, ita da kanta za ta tayar da zancen. Matasan 'yan kasuwa kuwa, waɗannan a aika musu, ba sa jin komai. Kuma shafin bashi ba kowa ke buɗe shi ba. Rufin asirin wanda ya ci bashinka amana ce, bai kamata yaron kanti ya san abin da ake bin limamin unguwa ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu: duk abin da ka rubuta, mai lampo ka rubuta wa. Bari mu yi maganar a fili. Togo tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da aka sa wa hannu a 1993, tare da Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Kodebuwa, Kamaru, Cadi da sauransu. Najeriya da Gana ba sa ciki. Sabon tsarin lissafinsu ya fara aiki ran 1 ga Janairu 2018, kuma ya yi wa ƙananan 'yan kasuwa sauƙi: mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba yana iya bin ƙaramin tsari da suke kira SMT. Abin da ake nema a ciki shi ne ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a ƙarshen shekara ka ƙirga kayan da suka rage, da bashin da kake bi, da wanda ake bin ka. Ana kuma son a adana takardun lissafi shekara 10. A lura, ciniki aka ce, ba riba ba. Mai sari da ke sayar da na jaka 200 a rana, in ya buɗe kanti kwana 300, ya taɓa miliyan 60 ko bai sani ba. A nan Togo, OTR ce ke karɓar haraji tun 2014, ta haɗe duwan da lampo a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ƙananan 'yan kasuwa suna biyan abin da ake kira TPU, wanda ya girma ya wuce nan ya shiga wani tsari daban har da TVA, kashi 18 cikin 100. Ra'ayina shi ne wanda ba shi da littafi bai ɓoye komai ba, ya dai rasa abin da zai yi musu da shi ranar da aka ƙiyasta masa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da 'yata ta karanto min abubuwan da dokar ke nema, sai na ji kamar a zauren malaminmu nake. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da kayansa ke juyawa kullum yana yi musu kima sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, a duba wanda ake bin sa bisa bayanin da malamai suka yi, in ya kai nisabi ya fitar da ɗaya bisa arba'in. Kaya, kuɗi, bashin da kake bi, bashin da ake bin ka. Tambayoyin ɗaya ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mun haddace ta tun muna yara, amma ga ni da furfura ina sauke buhu a Mango da fatar baki. In na tuna shekarun da na yi ina fitar da zakka da ƙiyasi sai in yi istigfari, don ban san ko na cika ko na tauye ba.

Kada wani ya ɗauka na jefar da kaye. Yana nan a kan teburi, ana rubuta cinikin rana a cikinsa kafin ya hau waya. Wuta na ɗaukewa, waya na faɗawa ruwa, ɓarayi na fizga a tasha. Mu mutanen Sokode ba mu manta Satumbar 2017 ba, lokacin zanga-zanga, da aka katse intanet a ƙasar nan kwanaki. Duk ƙarshen wata ana buga mana shafukan a takarda, in saka a akwatin ƙarfe. Waya ta rage mana yawo da tsabar kuɗi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne tunda yankin Dapaong yake ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022, amma ta zo da nata ɓarayin. Za a turo maka saƙo mai kama da na kamfani sak, wai an biya, ko a kira ka ana kuka wai an yi kuskuren lamba ka mayar. Dokarmu ita ce ba a sakin kaya a kan saƙo ko hoton saƙo, sai an danna an ga kuɗin a cikin asusu da ido.

Sai maganar lambobin sirri, wadda mutanenmu ba sa son ji saboda tana da warin mutuwa. Lambar layin kanti da kalmar buɗe shafi, na rubuta su a takarda na liƙe a ambulan biyu, ɗaya a hannun uwargida, ɗaya a hannun wani dattijo amintacce. In ban yi haka ba, ranar da na faɗi 'ya'yana za su zauna a kan wayata kamar yadda muka zauna a kan littafin ajamin mahaifina, su ma ko sunayen ba za su gani ba.

Yanzu ga amsarka, ɗan uwana. Kada ka sayi komai tukuna. Ka raba layin kanti da na gida a makon nan, ka yanka wa kanka albashi, ka yi kwana arba'in kana rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita a ranar da ya faru, har ladan ɗan dako. In ka iya wannan, shafin kyauta ya ishe ka shekaru. In kanti ya girma har kana bukatar manhajar kuɗi, ka tambayi mai sayarwa abu biyu: tana aiki in babu intanet? In na bar ku, zan iya kwashe lissafina in tafi da shi? In ya fara kame-kame ka kama gabanka. Dokar harajin Gana daban take da tamu, wannan ka tambayi masu ita a can. Kuma ka duba cikin gidanka, da wuya a rasa yaro ko yarinya mai boko da zai riƙe maka shafin. Ka biya shi ladansa kamar yadda za ka biya bare. Ni ina biyan 'yata duk wata, har yanzu da ta yi aure, kuma kuɗin ma yana da layinsa.

Na ce zan dawo kan yaron. Jaka 70 ɗin nan ya biya su da kansa cikin wata biyar, ko da na ce ya bar su. Layin jaka 35 yana nan a shafi, an rubuta masa "ba a gano ba". Azumin da ya biyo baya mahaifiyarsa ta karɓi buhun shinkafa, ta aiko min da kunu. Kantin Dapaong kuwa bai taɓa tafiya daidai kamar yanzu ba, kullum bayan magariba saƙonsa na shigowa, gaisuwa a sama, lambobi a ƙasa, ba ko sefa ɗaya da ke kuskure. Da can yakan kira ni haka kawai mu yi rabin sa'a, ya ba ni labarin tsadar tumatir da rigimar 'yan tasha da yarinyar da yake nema. Wannan kiran ne bai dawo ba. Jiya ma bayan na karanta lambobin na riƙe wayar a hannu har aka kira isha.